Shanyar Kubewa a Bayan Akori-kura

Ran da na fara ganin motar na ɗauka ta mutu. Tana gefen gidan maƙwabcinmu a unguwar Glenwood, ba taya ko ɗaya, an ɗora ta a kan bulo. Ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Fentin ya koɗe, ba ka iya cewa kore ne ko shuɗi. Akori-kura ce irin ta dā, mai ƙaton goshi da fitilu kamar idon sa.

Na san akori-kura. A bayanta na yi rabin rayuwata. Ina sarin dankali da kubewa a ƙauyukan Filato ina kaiwa kasuwa a Jos. Buhuna a ƙasa, mu mata a saman buhuna, kaji a tsakanin ƙafafunmu. In ta zo hawan dutse ta gaza, mu sauka mu tura. In ta mutu gaba ɗaya, a ja ta bayan gida a bar ta. Daga ranar ta zama ta kowa. Kaji su yi ƙwai a ciki, mata su yi shanya a bayanta. Ba mai neman izini. Matacciyar mota kamar falalen dutse take a wurinmu.

'Yata ce ta kawo ni ƙasar waje, birnin Greensboro. Aikin jinya take a asibiti. Ni ban yi boko ba, Turancina bai wuce gaisuwa da godiya ba. Aikina gida, coci, da ɗan filin da ke bayan gida.

Ina da irin kubewa. Na gonar mijina ne, uwarsa ce ta ba ni shi da hannunta. Ranar da aka shigo ƙauyenmu shuka za ni, irin yana ƙulle a bakin zanina. Akori-kura ce ta fitar da mu, mutum a kan mutum. Mijina bai samu wuri ba. Gida ya ƙone, rumbu ya ƙone. Iyakar abin da zan ce ke nan. Abin da ya fito tare da ni zanin ne da ƙullin. Na yi ta shuka shi a bayan gidan ƙanwata a Jos ina ɗebe sabo, har ya biyo ni nan.

To kubewar nan ba ta san lokacin garin nan ba. Ta 'yan gari tun tsakiyar zafi take fure. Tawa sai ta yi ta tsawo, ta wuce shinge, ta kai rufin ɗaki, ganye kamar faifai, fure babu. Sai rana ta fara gajarta, sanyi ya kawo kai, sannan ta tuna da aikinta. Shekarar farko sanyi ya ƙone ta kafin 'ya'yan su ƙosa. Da na sake shukawa sai na yanka da wuri na shanya a ɗaki, ta yi fumfuna. Iskar garin nan ruwa ne a cikinta. Na gwada tsakar gida, kurege ya farfasa. Ƙullin yana ta raguwa, irin kuma yana tsufa, ba duka ke fitowa ba. A shekarar da nake magana na zazzage ƙullin duka a ƙasa. In ban samu iri a wannan karon ba, kubewar ta ƙare.

Mai motar dattijo ne, baƙar fata ɗan ƙasar, dogo, ya ɗan ranƙwafa. 'Yata ta ce bas ɗin gari ya tuƙa har ya yi ritaya, matarsa ta rasu. Ni Baba mai mota nake ce masa. Kullum yamma zai fito, ya kwance ƙarfe guda daga injin, ya shiga gareji da shi, ya wanke shi da buroshin haƙori, ya goge, ya sa a leda. Ƙarfe guda sai ya ci masa kwanaki. Bakaniken da ya yi haka a Jos, yunwa ce ajalinsa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, mutane suna tsayawa su kalle ta. Farkon zuwana jefi-jefi ne. Daga baya da wuya Asabar ta wuce ba wanda ya tsaya. Samari masu gemu, ɗaliban jami'a a kan keke, har wata mata da karenta. Suna ɗaukar hoto. A gida in motarka ta tsufa haka, jaje ake maka. Nan barka ake wa Baba.

Wata rana wani mutum ya zo daga Irving Park, unguwar masu hali. Cikin irin motar ya zo, ja wur, tana sheƙi kamar sabon kwano. Ya zagaye ta Baba, yana shafa tsatsar kamar mai taya saniya. Baba yana ta girgiza kai. Ni kuwa na matsa na leƙa bayan jar motar. Katako ne aka shimfiɗa, an goge shi har ina ganin fuskata. Ko ƙwayar masara ba ta taɓa faɗawa a kai ba.

Da 'yata ta dawo na tambaye ta.

"Me suke nema a jikin motar nan?"

"Yayi ne, Mama. Yanzu tsofaffin akori-kura ake so. Su gyara su koma kamar ranar da aka ƙera su."

"Su ɗauki me da su?"

"Ba komai."

"Ba komai kamar yaya?"

"Su dai hau su zagaya Elm Street, mutane su kalla."

"Ba su da sababbi ne?"

"Suna da su."

"To ciwon me ke damunsu?"

Ta yi dariya ta ce, "Mama, ki je ki tambaye su mana, tunda Turancinki ya nuna."

Na bar ta. Amma abin ya zauna mini a rai. Sa ne ake ba dusa, ana masa wanka, ba ya huɗa.

A watan goma kubewata ta yi 'ya'ya. Na hana kowa taɓawa, ko ta miya ba mu ci ba. Suna cikin ƙosawa 'yata ta duba waya ta ce sanyi mai ƙona ganye yana tafe. Na ɗauki wuƙa na yanke waɗanda suka yi tauri. Ba su cika faifai ba. Saura bushewa.

Tsakar gidanmu wata babbar bishiya ta rufe ta da inuwa. Gefen Baba kuwa fili ne, rana tana dukan motar tun safe. Ba shinge ta wajen. Na je na ɗora hannu a bayanta. Ƙarfen da ɗumi kamar tukunyar da aka sauke. Ga tsawo daga ƙasa, ga bango ta kowane gefe. Ban ga wurin shanya irinsa ba tun da na bar gida. Na shimfiɗa tsohon zani, na baza kubewar, na rufe da ragar taga, na danne da duwatsu. Da yamma kafin raɓa in kwashe, da safe in mayar. Ban ɓoye ba, ban kuma faɗa wa kowa ba. Ban ga abin faɗa ba.

Abu ɗaya ne ya ba ni mamaki. In na baza da safe, in na dawo da yamma sai in tarar an juya su. An jera su, kawuna gefe guda, an mayar da raga da duwatsun. Kurege ba ya jeri. Na yi zaton 'yata ce, na ce a raina ashe yarinyar nan ba ta manta komai ba.

Ranar wata Asabar 'yata ta fito ta gan ni ina kwashewa.

"Mama! A motar mutum?"

"Ta mutu."

"Ba ta mutu ba, gyara ta yake!"

"Tun zuwana yake gyara ta."

"Mama, nan ba gida ba ne. Ba a taɓa kayan mutum. Zai iya kira mana 'yan sanda."

"Saboda kubewa?"

"Saboda kubewa! Kin san yadda suke ji da motocin nan? Ko jingina ba a yi da su. Don Allah ki kwashe, kar ki sake."

"Ba ke ce kike juya mini ba?"

"Juya me? Ni yau na fara gani."

Na kwashe na shiga ciki.

Washegari Lahadi ce, ranar godiyar kaka a cocinmu. Gari ya waye tas, rana mai kyau. Na girgiza kubewar a kunnena. Waɗansu sun fara ƙara, waɗansu shiru, da sauran danshi a cikinsu. Rana irin wannan ba ta da yawa a watan. 'Yata tana wanka na fita na baza, na dawo na ɗaura ɗankwalina.

Sujadarmu ba ta gajarta, ballantana ranar godiya. Zumuntar mata mun yi waƙa, an yi rawa an kai baiko, fasto ya hau mumbari. Yana tsakiyar wa'azi na ji ruwa a kan rufi. Ba yayyafi ba, ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai sanyi. Ban ji sauran wa'azin ba. Na taɓa 'yata na ce mu tafi.

A mota na faɗa mata.

"Ba na ce ki kwashe ba?"

"Kin ce."

"To?"

"Na kwashe. Na mayar."

Sai gudu da ta ƙara. Ni ina tunanin in na samu na tsame su da wuri, ko fankar ɗaki za ta ceci rabi.

Muka sha kwanar layinmu. Motar ba ta nan.

Bulo ne kawai a tsaye, da ciyawar da ta yi fari a wurin da inuwarta take. Na tsaya cikin ruwan ina kallo. Na ce ya sayar wa mai jar motar, ko 'yan gwangwan sun zo sun ja ta. Wanda ya sayi tsohon ƙarfe, abin da ya tarar a baya shara ce, zai watsar a hanya. Ban yi kuka ba. Na daina kuka tun da daɗewa.

Na nufi ƙofar Baba. 'Yata ta biyo ni da lema tana cewa, "Mama, bari ni in yi magana, ke dai ki yi shiru." Na buga, ba amsa. Sai muka ji dariya daga gareji. Ƙofar a ɗage take rabi. Na sunkuya na shiga.

Motar tana ciki, a kan tayoyi. Baba da abokansa, tsofaffi irinsa, sun jiƙe sharkaf, kowa da kofin kofi. Na wuce su na leƙa bayan motar. Zanina yana nan a bushe. Kubewar an ɗaga ta a kan wata tsohuwar ragar firji, iska tana bi ta ƙasa, an saita mata fanka. An jera su, kawuna gefe guda.

Na taɓa su ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗigo bai taɓa su ba.

'Yata ta fara ba da haƙuri da Turanci, tana yi tana ƙarawa. Baba ya ɗaga mata hannu ya yi magana. Ta juyo wurina.

"Ya ce dama sun shirya tura motar ciki saboda sanyi. Da ya ga hadari sai ya kira su da wuri. Tayoyin ma na aro ne."

"Shi ke juya mini?"

Ta tambaye shi. Ya gyaɗa kai, ya yi doguwar magana.

"Ya ce babansa manomi ne a wajen gari. Da motar nan yake kai kubewa da kankana kasuwa. Yana yaro aikinsa ke nan, juya kubewar iri a bayan motar nan. In ya manta, ya sha faɗa. Ya ce ran da ya fara ganin kubewarki a ciki, sai da ya zauna."

Wani gajere mai tumbi a cikin abokan ya jefa magana, suka fashe da dariya. Na ce a faɗa mini.

"Wai tun da Baba ya ɗora motar a kan bulo, sai bana ta ɗauki kaya. Wai Mama ta riga shi cin moriyarta."

Baba ya mayar masa, suka sake fashewa.

"Ya ce gara tasa, ba ta motsi amma ba ta yoyo. Ta mai tumbin duk inda ta tsaya sai ta bar baƙin mai, ko makaho zai bi sawunta har gida."

Mai tumbin ya jawo wata fitila mai zafi da suke busar da fenti da ita, ya nuna kubewar. Ni da Baba muka ce a'a tare, kowa da yarensa. Wannan za ta dafa irin.

Baba ya ɗauki guda ya juya ta a hannu. Gajeriya ce mai kauri, ba irin tasu ba. Ya ce ya ga abin yana tsawo ta bayan shinge, ya ɗauka bishiya muka dasa. Ya tambayi daga ina.

"Ce masa ta gida ce. Ce masa ita ke nan, babu wata."

Ta faɗa masa. Ya ajiye ta a hankali inda ya ɗauka.

Tunda ga shi ga ni, na ce, "Tambaye shi, me ya sa yake wahala da motar nan tunda ba kaya zai ɗauka ba?"

"Mama, ba a tambayar haka."

"Ke kika ce in tambaye su."

Ta tambaya. Bai yi fushi ba. Ya zagaya da ni ƙofar bayan motar ya nuna mini wata lotsawa, hannu zai zauna a ciki. Ya ce babansa ne ya yi baya-baya ya daki ginshiƙin rumbun taba, yana waige yana masa faɗa ya zauna da kyau. Ya ce komai zai gyara ban da wannan. Mai tumbin ya ce sun gaji da yi masa magana, in aka je wurin nuna motoci za a rage masa daraja saboda ita. Baba ya ce motarsa ce.

Ba amsar tambayata ba ce. Amma na karɓa.

Ruwan ya yi kwanaki. Kubewar ta ƙarasa bushewa a garejin. Kullum safe in je in duba. Ba mu da yaren yin hira, don haka wata rana ya miƙo mini takardar goge ƙarfe. Na san wankin tukunya. Na zauna na kama tsatsa. Ran da na girgiza kowace na ji tana ƙara kamar caki, na farfasa a cikin faifai. Ƙwayoyin baƙaƙe, ƙosassu. Na ciji ɗaya, ta ƙi haƙori. Wajen ƙarshen sanyi na naɗe kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma na ajiye kusa da murhu. Suka tsaga, fararen saiwoyi suka fito.

Motar ta tashi da bazara. Ina kicin na ji ƙara kamar ana harbi, hayaƙi ya rufe layin, tsofaffin suna ihu kamar yara. An yi mata fenti kore. Lotsawar tana nan, an shafa mata fentin a haka.

Wata Asabar Baba ya ce mu raka shi wurin taronsu. Na fito na nufi baya zan hau, na riga na ɗaga ƙafa. 'Yata ta ce, "Mama, ina za ki?" Baba ya buɗe mini ƙofar gaba. Ban taɓa zama a gaban akori-kura ba. Gaba na masu hali ne da matar direba. Kuma tun ranar da aka shigo ƙauyenmu ban sake shiga irinta ba. Da muka tashi na waiga ta ɗan gilashin baya. Ba kowa. Ba mai gudu yana miƙo hannu. Na juyo na kalli hanya.

Taron a filin ajiye motoci na wani kanti ne. Akori-kura layi-layi, kowace an buɗe mata goshi. Maza suna leƙa injin kamar masu leƙa tukunyar biki. Wani ya ajiye madubi a ƙasa don a ga cikin tasa. Wani ya bar tasa da tsatsarta da gangan, ya shafe tsatsar da mai, kuma nan mutane suka fi taruwa. Wannan har yau ban gane ba. Akwai matasa da yawa, waɗanda motocin suka girmi iyayensu. Na bi layin ina leƙa bayan kowace. Duk wayam.

Na ce wa 'yata, "Ce wa Baba ina son taki."

"Wane irin taki?"

"Na doki. Matar fasto ta ce akwai wata gona a wajen gari, kyauta suke bayarwa in kana da abin ɗauka."

"Mama, jiya-jiya aka gama fentin!"

"Ce masa."

Mai tumbin yana wurin. Da ya ji sai ya dafe kai, ya ce kashin doki a sabon fenti, gara a zuba masa a falo. Baba ya kalli motar, ya kalle ni. Ya ce yana da tamfol.

Muka je. Muka shimfiɗa tamfol muka loda. A hanyar dawowa bayan ya ɗan zauna, motar ta daina tsalle, ƙarar injin ta yi nauyi. Baba ya karkata kai yana saurare. Ya ce wa 'yata haka take kuka lokacin babansa.

Irin na raba shi. Kashi a bayan gidanmu, kashi a gefen Baba inda rana take, kashi a kwalba. Mai tumbin ma ya karɓi kaɗan, wai zai ga bishiyar da idonsa. A gefen Baba ma sai da ta kai rufi kafin ta yi fure. Halinta ne.

Har yanzu a bayan motar nake shanya in watan goma ya zo. Sai dai yanzu ina tambayarsa da safe kafin in baza. Tana da taya, dole in san ko za ta fita.